Motar da Ya Tuƙa Shekara Shida

Ɗana, tun da ka shigo kake zagin kamfaninku, wai sun cuce ka da tsohuwar mota. Na gaji da ji. Zauna in ba ka misalin wani mutum, kai ka auna da kanka.

Mutumin nan ma'aikaci ne a wani kamfani mai sayar wa manoma iri da taki. Aka ba shi a-kori-kura sabuwa dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba, don ya riƙa zaga ƙauyuka. Shekara shida tana hannunsa, kuma babu irin azabar da bai gwada mata ba. In ya sauke takin kamfani ba ya dawowa haka nan. Ya loda itace, ya loda buhunan albasa, ya ɗora mutane a kai har bayanta ya kusa jan ƙasa. In ya ga rami ba ya kaucewa, sai ma ya ƙara wuta. Da damina ya sha tsunduma ta cikin rafi don ƙyuyar zagayawa ta kan gada. Lokacin juyen baƙin mai ya zo ya wuce, ya ce sai wani satin, wani satin ya zama wata uku. Lagireto ya fara yoyo, ya liƙe da sabulu. Duk abin da bakanikensa ya ce a canja, amsar ɗaya ce: "Ɗaure da waya kawai, ai ba ta ubana ba ce."

Ana nan sai kamfani ya sayo sababbin motoci, aka ce za a sayar wa ma'aikata tsofaffin, kuma wanda yake tuƙa mota shi za a fara yi wa tayinta. Aka wanke ta, aka goge tambarin kamfani, aka fesa mata fenti fari fat. Da mutumin nan ya gan ta tana sheƙi a harabar ofis, wallahi sai ka ce bai taɓa ganinta ba. Ya zaga ta sau uku yana shafawa. Ga kuɗin bai kai rabin na kasuwa ba. Bakaniken ya ja shi gefe ya ce, "Maigida, ni da kai mun san abin da ke cikin cikin motar nan. Fenti ba ya shiga inji." Ya ce baƙin ciki ne. Matarsa ta tuna masa safiyar da suka sha fitowa da maƙwabta ana tura ta, ya ce ai mata ba su san mota ba. Ya kama shanun huɗa biyu da gidan ke ci da su, ya kai kasuwa, ya biya, ya karɓo takardu da sunansa.

To, ka ga abin haushi. Daga ranar nan mutumin ya koyi ganin rami. Yana lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai. Kullum da safe a wanke ta, kowa ya jingina da ita a daka masa tsawa. Amma mota ba ta san an canja suna a takarda ba. Sati na huɗu tumatirinsa na fadama ya nuna, ya cika kwanduna ya nufi kasuwar birni. Rana na tsaka, a kan wani hawa, inda babu gari gaba babu gari baya, sai inji ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya, hayaƙi ya turnuƙe, ta tsaya cak. Kwana biyu yana gefen titi yana ɗaga wa masu wucewa hannu. Tumatir ya narke a kwando, jan ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi, ƙuda ya yi masa rumfa. Da ƙyar wata tifa ta janyo shi gida. Bakanike ya buɗe inji, ya leƙa, ya mayar ya rufe, ko spana bai ɗauka ba.

Kai da kake ji za ka ce ya yi shiru ya rungumi ƙaddara. Ina! Sai ya ɗauki hularsa ya tafi ofishin manaja yana kumfar baki, wai an sayar masa da mushe, a dawo masa da kuɗinsa. Manaja ya bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa, sannan ya ce, "Malam, tambaya ɗaya. Tun daga ranar da motar nan ta shigo kamfani har ranar da ka saye ta, wa ya taɓa riƙe sitiyarinta in ba kai ba?" Mutumin nan ya juya. Ya fita ko sallama babu.

Yau motar tana ƙofar gidansa a kan duwatsu, kaji suna kwanci a ƙarƙashinta. Damina ta faɗi, maƙwabta sun gama huɗa, shi da iyalinsa suna duƙe da garma a hannu, rabin gonar ciyawa ta cinye. Kuma har gobe, duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ba shi labarin yadda kamfani ya cuce shi.

Kai ma shekara nawa ka yi kana tuƙa taka kafin ka saya? Kada ka ba ni amsa, ka ba wa kanka. Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a: kowa ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa.