Jar Riga a Bakin Kogi

Mai zanen taswira ya jera hotuna biyu a ƙarƙashin gilashinsa, ɗaya ga idon hagu, ɗaya ga na dama. Jirgin sama ne ke ɗaukar irinsu a jere, ƙiftawar ido tsakaninsu. Idan aka haɗa su, duwatsu sukan taso, kwazazzabai su nutse, sai ya bi su da alƙalami yana fitar da layukan tudu da gangare. Duk abin da ya motsa tsakanin ɗaukan biyu kuwa, dishi-dishi yake fitowa.

Yau ba tudu yake nema ba. Ƙaninsa Auta ya shiga wannan daji aikin awo, kogin da ke ratsa duwatsun ya kifar da kwalekwalensu, abokan tafiyarsa suka dawo babu shi. Tun daga lokacin mahaifiyarsu ba ta yarda an rufe ƙofar gida ba.

Ya bi kogin a hankali. Gaɓar ruwan ta fito biyu-biyu, bishiyoyin ma kamar hayaƙi. Ya goge gilashin, ya ɗora laifin a kan idanunsa. Can inda kogin ya karya kwana, sai ga jar riga. Mutum ne zaune, ya jingina da dutse, ya miƙe ƙafafu. Ya fito tas, babu ko ɗigon dishi-dishi.

Ya buga waya gida. Da tsohuwar ta iso, ya kama kafaɗarta, ya sunkuyar da ita a kan gilashin.

"Shi ne!" ta ce, tana dariya tana hawaye. "Ja'iri! Mu muna nan ba ci ba sha, shi ya sami dutse ya jingina kamar mai jiran a kawo masa abinci."

"Gobe za a ɗauko miki shi, Inna. Bari in sa wa masu ɗauko shi alama a taswira."

Yana cikin sa alamar, matuƙin jirgin ya leƙo, hularsa a hannu.

"Malam, a yi mini afuwa kan hotunan nan. Na hagun mun ɗauke shi kogi na cike, hadari ya kore mu. Na daman sai da damina ta wuce muka koma. Watanni ne tsakaninsu."

Alƙalamin ya tsaya. Tsohuwar ba ta ji ba, tana nan sunkuye tana murmushi.

"Dubi ɗan nan," ta ce. "Ko motsi bai yi ba."