Daƙiƙun da Baba Ya Cike

"Baba, wa ya taɓa mini alƙaluma?"

Tsohon mai kula da agogon cibiyar hangen taurari ya sunkuyar da kai. Shekara takwas malamar da ta yi tambayar, masaniyar taurari a cibiyar, tana bibiyar wata ƙatuwar duniya mai kewaya tauraronta kurkusa. A lissafinta, jan da ke tsakaninsu, irin wanda wata ke yi wa teku, yana matse kewayen, dole duniyar ta riƙa giftawa ta gaban tauraron da wuri. Amma alƙaluman sun ƙi motsi, har shugabanni suka ce gobe za a rufe aikin. Yau ta ga alamar gyara, ta zargi abokan hamayyarta.

"Kai ne ke nan. Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, 'yata." Ya ciro wani tsohon littafi. "Kullum sai duniyar ta riga lokacinta. Na ɗauka agogona ne ya lalace, na ji tsoron kora, shi ne nake cike daƙiƙun. Ga na gaskiyar."

Ta buɗe. Tazarar sai ƙaruwa take yi: daƙiƙa biyu, bakwai, goma sha biyar, talatin.

Ta zauna a hankali. "Baba, agogonka lafiyarsa ƙalau. Duniyar ce take gangarawa cikin tauraronta."