Haƙoran Hajja Itidal

Takardar kotun ba ta da aibi. Dakta Mervat Shalabi, likitar haƙori, ta karanta ta sau biyu: Hajja Itidal Gharib, shekara saba'in da huɗu, ciwon mantuwa ya hana ta yanke wa kanta shawara, ɗanta Ra'afat ne waliyyinta.

Ra'afat na tsaye bakin tagar da ke kallon layin taragon unguwar Muharram Bey, cikin kwat mai tsada. Ya ce uwarsa ba ta iya ci saboda ciwo, yana so a cire turamen haƙoranta uku na ƙasa da suka rage mata. Ya ƙara da cewa da can tana zuwa wajen marigayi Dakta Wadi, wanda Mervat ta gaji asibitinsa, kuma zai so a ba shi tsohon fayil ɗinta. Mervat ta ce tsofaffin fayiloli suna ɗakin ajiya a ƙasa, sai an nemo.

Tsohuwar na kan kujera, idanunta sun yi nauyi. Zoben zinare na yawo a yatsanta, tafin hannunta kuwa duk ya yi kanta irin ta aikin wahala.

Mervat ba ta taɓa yarda cewa takarda kaɗai ta wadatar ba. Ta jawo kujera kusa, ta yi mata bayanin aikin a hankali, sannan ta nemi ta maimaita. Tsohuwar ta maimaita daidai, harshenta na sarƙewa. Ta faɗi ranar, ta faɗi unguwar. Ta ce haƙori ɗaya ne ke damunta, sauran lafiyarsu ƙalau.

Sai Mervat ta tambaye ta sunanta.

“Sabriyya,” in ji ta. “'Yata, ni ba uwarsa ba ce. Aiki nake musu.”

Ra'afat ya sunkuyar da kai. Ya ce Sabriyya mai aikin gidansu ce ta shekara talatin, ta rasu watanni biyar da suka wuce, shi da kansa ya kai ta makwanci. Tun ranar mahaifiyarsa ta ɗauki sunanta. Wani lokaci har sai an ƙwace tsintsiya daga hannunta.

Mervat ta sha ganin irin haka. Ta taɓa duba wani dattijo da ya rantse shi ne ƙanensa. Duk da haka ta sake duba bakin tsohuwar. Biyu daga cikin haƙoran ana iya cetonsu, ta gaya masa. Ya amsa a tausashe cewa ba zai iya jan mara lafiya zuwa asibiti kowane wata ba, kuma doka ta ba shi wannan hukuncin. Ya sa hannu.

Aka yi allurar kashe zafi. Tsohuwar ba ta yi gardama ba, hannun rigar Mervat kawai ta riƙe har aka gama cire haƙoran ukun. Hawaye na gangarawa cikin kunnenta.

“Mu je gida, Mama,” in ji Ra'afat. Ya ce gobe zai dawo karɓar fayil.

Bayan la'asar, da mara lafiya na ƙarshe ya fita, Mervat ta sauka ɗakin ajiya da kanta. Ta samo fayil ɗin a kwali na uku, ta hau da shi, ta ɗaga tsohon hoton haƙoran a gaban fitila. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta buɗe shafin ƙarshe, inda rubutun Dakta Wadi yake.

Hajja Itidal Gharib ba ta da haƙori ko ɗaya a muƙamuƙin ƙasa. Shekara shida ke nan da ya cire mata na ƙarshe.