Sunan Ɗan Fari

Ƙafata ta nemi ƙasa, ba ta same ta ba. Gadon asibiti ba tabarma ba ne, ga idanuna a ɗaure bayan aikin yanar ido.

Nas ta gargaɗe ni: "Baba, kada ka sauka kai kaɗai. Kira ɗanka."

Yana baranda cikin masu jinya, shi ya kawo ni daga Bakori. Amma ɗan fari ne. Har ya yi furfura bakina bai taɓa kama sunansa ba.

"Kai!" na ce. Babu wanda ya amsa. Zanen gado yana zamewa da ni.

Sai na kira sunan.

Hannuwa suka tare ni.

"Na'am, Baba. Na'am," yake ta faɗa, alhali sau ɗaya na kira.