Mai Shayin Caina

Likita bai ɓoye masa ba. Hantarsa ta yi ta jin rauni tana warkewa, tabo kan tabo, har ta ƙandare kamar ganda.

Ya hau Keke Napep da ƙyar, ciki a kumbure. A bakin Kasuwar Muda Lawal cunkoso ya tsare su. Motar tallarsa, wadda ya bar wa ƙanensa, tana ta kwarara tsohuwar muryarsa a lasifika: "Shayin Caina mai wanke hanta tas! Ni ne shaida, kullum sai na sha!"

Kuma bai yi ƙarya ba.

Direba ya waiwayo, ya dubi cikin nan da tausayi.

"Baba, rabu da asibiti, sayi wannan. Ji muryar mai shi, garau! Irinsu ai ba sa ciwo."