Ɗakin Gwaggo Luba

Ana ta zancen mulkin kai, shi dai Uwaisu bai ga aikin da ya ragu ba. Daga wajen dafa mazarƙwaila ya wuce zauren su Lantana. Tun ranar yaye Gwaggo Luba ta ɗauke ta riƙo, yanzu kuma idon tsohuwar ya tafi.

"Malam, ka nemi wata," in ji Lantana, kanta a ƙasa. "Na gaji da bayani. In na bi ka Kudan, wa zai ja wa Gwaggo sanda?"

Ya daɗe yana kallon kantar hannunsa.

"Ɗaki biyu na yi wa jinka bana," ya ce. "Shiga ki tambaye ta, na kusa da rijiya take so, ko na gindin tsamiya."