Ba Ruwan Wanka Ba Ne

Jaririyar tela ko wata ba ta cika ba fatarta ta fara yin ja. Cibiyarta na fitar da mugunya, ko yatsa aka ɗora mata sai ta tsandara ihu. Wata safiya uwar ta zo cire mata riga, fatar hammatar ta biyo rigar kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Mahaifiyar tela ta duba, ta tafa hannu. "Ƙuna ce! Kin dafa min jika da ruwan wanka!"

"Wallahi Mama, sai da na gwada ruwan da hannuna," in ji matar.

Babu wanda ya saurare ta. Tela ya hana ta ɗaukar 'yar sai za ta ba ta nono. Ya sayo maganin shafawa mai launin shunayya a kemis, yana shafa mata da kansa, da yatsan nan nasa da ya daɗe yana fama da maruru.

Matar ta roƙi a je asibiti. Ya ce, "Mu je likita ya ga aika-aikarki? Rufa mana asiri."

Sai da fatar bayan yarinyar ta saɓule, ta daina kama nono, sannan suka kwashe ta.

A asibiti aka dangwalo mugunyar cibiyar aka kai ɗakin gwaji. Aka shafa a gilashi, aka zuba rini, aka duba a madubin likita, sai ga ƙwayoyin cuta cunkus. Likita ta kira su.

"Wannan ba ƙuna ba ce. Ƙwayar cuta ce ta shiga ta cibiya, dafinta ke ɗaye fata. Da kun zo da wuri, allura na maganinta. Akwai mai ƙurji a gidan?"

Matar ta dubi hannun mijinta. Shi kuwa ya sunkuyar da kai.

An ɗaura ruwa, an yi allurai, amma cutar ta riga ta shiga jini. Yarinyar ta cika a cinyar uwarta.

A ƙofar asibiti tsohuwar ta riƙo mayafin surukarta tana kuka. "'Yata, ki yafe mana."

"Ni na yafe, Mama," in ji ta. "Ita ce dai ba za ku samu ku roƙa ba."

Jama'a, in fatar jariri ta yi ja ko ta fara ɗayewa, a bar neman mai laifi, a garzaya asibiti. Mai ƙurji kuma ya rufe shi, ya wanke hannu kafin ya taɓa jariri.